Mai Amshi a Cikin Rumbu

Na rantse da wanda ya busa mini numfashi, ko na dafa maka littafi ba za ka yarda ba, amma gyara zama ka ji. Wani mutum ne, shaƙiyyi na ƙin ƙarawa, ya saki matarsa kan miya ta yi gishiri. Yana ta cika baki a majalisa wai kafin wata ya mutu za ta dawo da rarrafe. Idda ta cika, shiru. Ashe kangon iyayenta ta koma a bayan gari, ta share, ta tono yumɓu ta kama ginin tukwane irin na marigayiya uwarta. Tana gini tana ƙaga waƙa:

An ba ni takarda, an ce in tafi,
Na ɗauki tabarma da 'yar fitila,
Yumɓun da aka taka shi ke zama tulu.

Kafin a jima mata sun ɗauki waƙar a bakin rijiya, ko'ina ya gifta sai ya ji ana rera tsiyarsa. Ya aika biko, aka dawo masa da goronsa. Sai ya ce to, wadda lallashi bai kawo ba tsoro zai kawo ta. Akwai wani tsohon rumbu a kangon. Kullum rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta yawo, sai ya lallaɓa ya zura ciki, in ta kai baiti ya shaƙe murya ya amsa: "Ba gidanki ba ne nan." Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi. Ta ce, "Shekara bakwai ina magana a gidan miji ba mai amsa mini. Ko wane ne kai, sannu da zuwa." Waƙa ta ƙara tsawo, tukwane suka ƙara layi.

Ran na bakwai ya shiga, ya tsuguna cikin duhu da warin tsohon ƙaiƙayi. Ta kai baitinta. Ya buɗe baki ke nan sai aka riga shi. Daga nan cikin rumbun, dab da kunnensa, da numfashi mai sanyi kamar ruwan randa, wata murya ta tsohuwa ta ce, "Gidanta ne. Gidanta ne." Ya laluba, ba kowa sai bango. Ya yunƙura, ruɓaɓɓen rumbu ya dare, ga gogan naka a ƙasa, fari fat da ƙura, a gaban matar da ya saka. Ta dube shi, hannunta duk yumɓu, ta ce, "Malam, kai tun ranar farko na gane tarinka. Muryar yau ce dai ban gayyata ba." Ya so ya ba da haƙuri, ya so ya yi mata ƙarya ko guda, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Gidanta ne."

Har yau, da rana ta take tsaka, ko yana kasuwa ko yana gaban surukai, da ta ɗaga waƙa a bayan gari sai wuyansa ya sandare ya amsa mata, da muryar da ba tasa ba. Ita kuwa ta yi katanga, ta sa ƙyaure. Dama Hausawa sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.