Talabijin a Ɗakin Tsohuwa

Tun ɗazu nake ganinka kana auna bangon falo da tef, kana tambayar talabijin mai inci nawa zai shiga. Ajiye tef ɗin nan tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani direban babbar mota, shi ne ɗan fari a wurin uwarsa. Ka san yadda ake yi da ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta sakar masa fuska, shi ma in ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa, kai a ƙasa, ya gaishe ta ya ƙara gaba. Tsohuwar nan ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga Ka'aba. Lokacin da take da ƙarfi babu hali, da hali ya samu kuma ƙafa ta ƙi, ga likita ya ce ganinta raguwa yake yi, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Sai ɗan ya ce tunda ba za ta je ba, shi zai kawo mata Ka'aba har ɗaki kafin idon ya rufe.

Mutumin akwai bin diddigi. Ya bi kantunan kayan lantarki ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wanne ya fi haske, wanne ba ya cin wuta, wanne ne in an kunna har gumin goshin mai karanta labarai za ka gani. Ya zaɓi wani ƙato mai faɗin ƙyauren shago, hotonsa tar. Mai kanti ya ce irin wannan ba a wulaƙanta shi a ƙasa, ya nuna masa wani teburin katako mai sheƙi da dogayen ƙafafu, tsawonsa har ƙirji. A tsaye direba ya gwada, a tsaye mai kanti ya yaba, a tsaye masu haɗawa suka kafa shi a ɗakin tsohuwa, suka kamo tashar da ke nuna Harami dare da rana. Duk cikinsu ba wanda ya tuna cewa mai ɗakin a tabarma take zama.

Daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ya yi?"

Ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya tafi yana jin daɗi. Bayan ya dawo daga wata tafiya sai matarsa ta ce masa ita dai ba ta taɓa ganin Inna ta ɗaga ido ta kalli abin nan ba. Abin ya ɗaure masa kai. Ko hasken ne ya yi mata yawa? Aka rage. Ko tasha ce ba ta kamawa sosai? Aka hau rufi aka juya farantin kamo tasha. Ko dai ya yi wa idonta ƙanƙanta? Wannan tunani ya fi kwanta masa, ya mayar da shi ya ɗauko wanda ya fi shi girma, hoton ya ƙara yin sama. Duk gyaran da aka yi sai ya tambaye ta, ita kuma amsarta ba ta canjawa, don wace uwa ce za ta dubi ɗan farinta ta ce kyautarsa ba ta yi ba? Haka damina ta shigo ta fita, idon tsohuwa na ta raguwa, shi yana can yana shawara da masu kanti.

Wata rana bayan la'asar son sani ya ci ƙarfinsa, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya girma: ya laɓe ta taga ya dubi fuskar uwarsa. Tana zaune, haɓa a ƙirji, ta juya kunne wajen talabijin kamar mai sauraron rediyo. Da aka fara kiran salla a Harami ta yunƙura za ta ɗaga kai, sai ta yamutsa fuska, ta dafe ƙeya, ta haƙura. Ashe ƙwaryar furar da ta yi shekaru tana ɗauka a ka don ta ciyar da su ta bar mata wuya a sage. Ya shiga ya durƙusa kusa da tabarmar, ya duba daga inda take dubawa. Ba abin da ya gani sai ƙafafun teburi da tarin wayoyi. Kunya ta rufe shi.

Ya ɗauko kafinta da zarto. Kafinta ya shafa katakon ya ce, "Maigida, wannan za a yanke? Ai asara ce." Ya ce, "Yanke ƙafafun." Da aka sauke allon daidai idonta, tsohuwa ta daɗe tana kallo. Ta ja jiki ta matsa, ta ƙara matsawa, don abin da ya rage mata na gani sai kusa-kusa. Can ta manta da alkunya, ta kamo hannun rigarsa ta ce, "Kai, zo ka gani. Ashe baƙin mayafin nan har da rubutu a jikinsa? Duk alhazan da suka dawo ba wanda ya gaya mini." Hawaye na zuba, ba ta ko share ba don kada ta ɗauke ido. Shi kuwa murna yake yi, yana kuma baƙin cikin watannin da ya ɓatar mata.

To kai ma, kafin ka koma wajen tef ɗinka, je ka duba wanda zai zauna a gaban abin. Kada ka tsaya a kan "madalla", don tun da can Hausawa suka ce: labarin zuciya a tambayi fuska.