Ranar da Tsoho Ya Yi Shiru

"Cire hannunki daga jikina! Hannu sai ka ce ƙanƙara. Gawa aka aiko ta yi mini jinya?"

Auta ta cije leɓe, ta ci gaba da ɗaura abin awon jini. Mai zagin nata ba mutum ba ne. Mutum-mutumin roba ne da ƙaramar kwalejinsu ta saya don ɗaliban jinya su koyi aiki kafin a sake su a kan masu rai. Yana numfashi, yana ƙifta ido, jijiyar hannunsa tana bugawa. Sai dai an haɗa shi da baƙin baki. Tsoho ɗalibai suke kiransa, kuma babu wanda bai taɓa yi masa fatan wuta ta ƙone shi ba.

Malamarsu ce take sako muryar da maɓalli daga bayan baƙin gilashin bango. Barkono suke ce mata a bayan idonta, sunan kuwa bai zalunce ta ba. Dokokinta a ɗakin nan sun fi na asibiti yawa. Ba a zama a bakin gadon Tsoho, ba a ce masa Baba. Wani ɗalibi ya taɓa kafa masa hula a karkace don a yi dariya, ta kore shi har ƙarshen zango. In an tashi, ita da kanta take gyara masa matashi.

Sau biyu Tsoho yana mutuwa a hannun Auta. In ya ƙara na uku yau, kwalejin za ta sallame ta, ta koma gida ta kalli idon mahaifiyarta da ta gama gaya wa dangi tana da nas. Ta tsani robar nan, ta tsani mai danna ta.

Labarin gwajin ba ya sauyawa: dattijo ne da aka yi wa aiki a ciki, an dawo da shi ɗaki.

"Uwata, ba ni ruwa. Ƙishi zai kashe ni, ke kina nan kina kallon talabijin."

Na'urar da ke nuna bugun zuciya yake nufi. Kowace ɗaliba Uwata ce a bakinsa, har mazan ajin ma ba su tsira ba. Auta ta duba na'urar, lambobin ba su yi muni ba. Ta kai hannu ga bargo.

"Kul! Sanyi nake ji. Wa ya koya miki yaye wa babba mayafi? Mara kunya, duk karatun naki na banza ne."

Ta janye hannu, kamar yadda ta janye a karon farko da na biyu. Zuciyarta na tafasa, ta ce a ranta: ka mutu mana kowa ya huta.

Sai ya yi shiru.

Wani sanyi ya ratsa ta, irin wanda ake ji in injin niƙan maƙwabta ya tsaya. Har ta juya baya za ta wanke hannu. A nan ta tuna, a daidai wannan daɗin ne ta rasa shi sau biyu. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, me zai sa shi shiru? Ƙishi, sanyi, sannan shiru.

Ta fizge bargon. Bandejin cikinsa ya jiƙe sharkaf, jan ruwan da ke madadin jini ya malale har zanin gado. Ta danne wurin da hannu ɗaya, ta buga ƙararrawa da ɗayan, tana ƙwala kiran a kawo taimako, a ƙara ruwa, a nemo likita. Lambobin na'ura suka faɗi, suka yi lilo, sannan suka soma hawa a hankali.

"Kin ci," in ji Barkono ta lasifika, murya a bushe. "Fita."

Auta ta ɗaga hannunta daga kan bandejin. Tana tsaye hannu jajir, Tsoho ya faɗi wata magana da babu ɗalibin da ya taɓa kaiwa inda zai ji ta, a hankali, da kyar.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Kin yi iya yinki."

Malama ta manta ba ta kashe makirfo ba. Ta lasifika aka ji tana amsa wa muryar mahaifinta, wadda ta ɗauka a wayarta ranarsa ta ƙarshe, a ɗakin asibitin da babu wanda ya yaye bargo.

"Amin, Baba."