Ƙwan da Aka Ce a Zubar

"Wallahi ba zan zubar ba," in ji Gwaggo, ta tsaya ƙyam a gaban akwatin ɗumin da ake renon ƙwan haihuwa a ciki.

Shekararta talatin da biyar a ɗakin haɗa ƙwai na asibitin haihuwa, har an manta sunanta na yanka. Sabon likita kuwa watansa biyu, ga ilimi ga ɗaga hanci. Ko gaisuwar da uwarsa ke ba shi ya kai wa Gwaggo ba ya isarwa.

Ƙwai ɗaya tal aka samu daga wata baiwar Allah da ta shekara sha ɗaya tana neman haihuwa. Jiya aka haɗa shi da maniyyin mijinta. Yau tiyata ta riƙe likita, bai leƙa ƙwan ta madubin ƙara girma ba sai da rana ta take. Cibiyoyi biyun da ke nuna ƙwai ya kama babu su, fili fetal. Ya ce bai kama ba, a zubar, a sanar da matar.

"Makara ka yi, likita. In ƙwaya za ta rabu biyu, tantanin da ya lulluɓe cibiyarta narkewa yake yi, kamar mai rushe katanga zai faɗaɗa gida. Don ba ka ga katanga ba sai ka ce babu gida?"

"Ni ne likita a nan!"

"Ni kuma a nan na yi furfura. Ba ni awa uku."

Ya fita fuu, ya je ya rubuta takardar sallamarta. Gwaggo ta ja kujera ta tare ƙofar akwatin. Tsoro fal cikinta, don ta sha jira irin wannan ta tashi a tutar babu. Amma ko gezau.

Da lokaci ya cika ya dawo. Ta ɗora ɗan farantin da ƙwan ke ciki a ƙarƙashin madubi, ta matsa masa. Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Ƙwaya ta zama biyu.

"Yaya aka yi kika sani?" Muryarsa ta yi sanyi.

"Ina na sani? Taurin kai ne. Shekara talatin da biyu ke nan da na yi irin wannan rigimar da wani likitan da ya fi ka zafi, a kan ƙwan aminiyata."

"Ya rayu?"

"Ya rayu mana, ɗan nema. Ga shi nan tsaye riƙe da takardar korata."