Bencin Baya

Jama'a, akwai wani mugun hali da ya zama ruwan dare: yaro ya kasa karatu, sai a laƙaba masa suna, ba mai tambayar abin da ke damunsa.

Wani malamin firamare ne mai zafin hannu. Tsarinsa a aji shi ne, wanda ya ci jarrabawa ya zauna gaba, wanda ya faɗi a tura shi bencin baya, jikin tagar da ke kallon titi. Shi da bakinsa ya sa wa wurin suna bencin daƙiƙai.

Autarsa tana ajin. Kullum sai ta karkata kai tana kallon bakinsa. Ya yi tambaya, ta ba da wata amsa daban, aji ya kwashe da dariya.

"Ƙwaƙwalwar kifi gare ki! Tashi ki koma baya, kada ki zubar mini da mutunci."

Yara suka samu na yi: "A ba sarauniyar baya hanya!"

A can baya, ga nisa ga ƙarar motoci, ɗan abin da take tsinta ma ya ɓace mata.

Uwarta ta ce, "Malam, yarinyar nan kunnenta yana ruwa fa. Dubi matashinta."

"Ke ma kin fara? In an kira ta cin abinci ai tana ji."

Da zazzaɓi ya kayar da ita aka kai ta asibiti. Likita ya leƙa kunnuwan, ya juyo ya ce, "Ina kuka shiga tuntuni? Ciwon ya cinye ciki. Da an zo da wuri, magani kaɗan ya isa."

Malam ya durƙusa bakin gado yana cewa, "Auta, yafe mini." Kallon bakinsa kawai take yi. Ya ɗauko biro ya rubuta mata a tafin hannunsa. Ta duba, ta girgiza kai. Ba ta iya karatu ba.

Har yau, yana tsakiyar darasi sai ya ƙura wa bayan aji ido har yara su tsorata. Ya rasa kunnuwan 'yarsa biyu, ya rasa karatunta, matarsa ta daina haɗa ido da shi, gafarar da yake nema kuma ba ta da hanyar shiga.

Iyaye da malamai, in yaro ya gaza, ku binciki dalili kafin ku buɗe baki ku kira shi daƙiƙi.