Shugaba Ɗan Roba

Alhaji Ajimi ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗawa cikin miya. A wayarsa wani ɗan mutum-mutumin roba ne, bai fi babban yatsa ba, gajere mai tumbi, an kafa masa 'yar hular zanna. Yana kai-komo gaban wasu tumakin roba, yana yi musu jawabi da wata siririyar murya kamar ta ɓera.

Bidiyon Shugaba Ɗan Roba ya gama zaga unguwar Gomari, kuma ba a san mai yin sa ba. Samari sun ce aikin mai haƙuri ne: a matsar da ɗan roban kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara matsarwa a ƙara ɗauka, har hotunan su haɗu su zama motsi, sannan a ƙara wa murya sauri ta yi tsini. Wannan bayani bai dami Alhaji ba. Shi tun kallon farko ya gane wanda ake nufi. Gajartar ta Ba'ana ce, tumbin ma na Ba'ana ne, abokin takararsa na shugabancin ƙungiyar ci gaban unguwa.

Kujerar nan kuwa ta shiga ran Alhaji ƙwarai. Ya riga ya ɗinka babbar rigar rantsuwa, ya kuma shaida wa surukansa na Khaddamari cewa magana ta ƙare, rana kawai ake jira. In ya faɗi, da wane ido zai kalle su?

"Sauda, zo ki ga Ba'ana!" ya kira matarsa. "Wallahi wanda ya yi wannan, Allah ya yi masa albarka."

"Amin, Alhaji," in ji Sauda. Ta gyara wa wayarta zama a gefen tire, kamar yadda take yi duk lokacin cin abinci, ta zauna tana sauraro.

Sauraro shi ne aikinta a gidan, domin Alhaji in ya buɗe baki a kan tuwo ba ya rufewa sai kwano ya yi fes. Mutum ne da bai taɓa tsayawa ya saurari kowa ba, har da kansa. Da ta nemi ya bar ta ta koyi kwamfuta, cewa ya yi mace da waya ai sai kallon girki. Ta ce to. Tun daga nan ta koma wuni a ɗakin ajiya, ta toshe taga da zane, wai saboda zafi.

Alhaji ya zama babban ɗan tallan Ɗan Roba. Ya tura wa 'yan kasuwa, ya tura wa 'yan majalisar shayi, ya tare mutane a ƙofar masallaci yana cusa musu waya a ido. Maganar ba ta fita sosai saboda sauri, sai dai a tsinci "tumaki" nan, "dusa" can, amma ina ruwansa. Inda ya fi kashe shi da dariya shi ne ƙarshe, inda ɗan roban ke ɗaga murfin kwalba sama yana wata tsuwwa.

Ranar zaɓe, bayan la'asar, aka taru ƙarƙashin darbejiya. Dattawa a tabarmar gaba, samari a tsaye, mata daga can baya. Alhaji ya ɗauko Godwin mai kayan sauti da ƙaton talabijin ɗinsa, domin ya yi niyyar gamawa da Ba'ana a bainar jama'a kafin a ɗaga hannu.

Aka kunna. Samari suka kwashe da dariya, dattawa kuwa sai tara hannu a kunne. Baba Dzarma, tsohon malamin makaranta, ya ce, "Alhaji, mu fa kukan tsuntsu kawai muke ji. Me yake cewa?"

Abin nema ya samu. Alhaji ya miƙe, ya yi gyaran murya sau biyu kamar yadda ya saba.

"Iyayena, wannan ba wasan yara ba ne. Abin da Ba'ana ke faɗi a kanku ne in ya shiga gida ya rufe ƙofa. Duk wanda ya yi bidiyon nan, na cikin gidansa ne, ya san shi ciki da bai. Godwin, rage masa sauri, manya su ji da kunnensu."

Godwin, wanda tun da rana ya gwada bidiyon a na'urarsa, ya sosa ƙeya. "Alhaji, da dai an bar shi haka."

"Kai ka ɗauko ni ko ni na ɗauko ka? Rage! Ka ƙara ƙarfi kuma."

Godwin ya murɗa. Ba'ana ya sunkuyar da kai, abin tausayi, yana jiran abin da zai same shi. Alhaji ya harɗe hannu a ƙirji, farin ciki ya cika shi.

Ɗan Roba ya soma tafiya a hankali, siririyar muryar ta sauka, ta yi kauri, ta cika filin. Ya yi gyaran murya sau biyu. "Dattawan Gomari ai tumaki ne, ka nuna musu dusa su bi ka har mayanka," in ji shi. Sannan ya ɗaga murfin kwalbar sama, ya ce, "Sauda, ƙaro min miyar nan."