Rabin Wata da La'asar

Na zaga ƙasashe, ko'ina yanzu maki ake tambayar yaro. A da akwai mai son sanin ko ka gane.

Wata la'asar a Kankiya, malaminmu na kimiyya ya fito da mu fili, takardun jarrabawarmu a hannunsa, duk mun ci. Ya nuna rabin wata a sama.

"Mi ya rufe rabinshi?"

Na ce, "Inuwar duniya, Malam."

"Ga rana can, ga wata nan. Ina duniya ta shiga tsakaninsu?"

Ya daɗe yana duban takardun.

"Ashe shekara uku hadda nike koya maku."

Ƙarshen zangon ya bar koyarwa, ya tafi Legas. Har yau amsata na ci mini rai. Bayansa ba malamin da ya ƙara nuna mana sama.