Jijiya Ɗaya a Wuyan Sabiru

Wata bakwai Malam Mas'udu yana kiran lambar ɗansa Sabiru, tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu tsakanin Kucheri da Tsafe. Ran Laraba bayan azahar aka ɗauka.

Murya ce mai kauri, kamar an toshe baki da rawani. "Tsoho, ka daina kira. Ɗanka ya mutu, yau kwana tara."

Malam Mas'udu bai ji komai a ransa ba. Ya gyara zama a kan buhun gero, ya tambayi abin da ya kashe shi. Zazzaɓi, in ji mutumin. Yana cikin faɗa muryar ta dushe, ta yi rawa, can ta dawo. Layin daji ya gaji haka.

Daga nesa wani ya tambaya ko a tada babura.

"Ku jira ni," mutumin ya ce. Aka yi tsit.

"An yi masa wanka?"

"An yi."

"Salla fa? Mutum nawa?"

"Tsoho, kana cinye min caji."

Amma bai kashe ba.

Sai tsohon ya yi tambaya a kan na'urar da ke jikin Sabiru. Da farfaɗiya Sabiru ya tashi, tana kada shi a gona, a kasuwa, sau ɗaya a bakin murhu. Shekara huɗu da suka wuce likitoci a Abuja suka tsaga wuyansa, suka naɗa siririn zaren ƙarfe a jijiya ɗaya tak, suka sa ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirjinsa. Ciwon ya lafa, har ya yi aure.

"Da ita muka rufe shi. Ka ce wa Ladidi ta shiga takaba. In ta fita ta yi aurenta, kada ta jira kowa."

Ladidi, matar Sabiru, tana bakin ƙofa, riƙe da faifai. Ba ta motsa ba.

"To. Allah ya jiƙansa."

"Amin, Allah ya ba..."

Muryar ta sake dushewa, ta yi rawa. Malam Mas'udu ya ɗauke wayar daga kunnensa, ya dubi lokacin da ke tafiya a fuskarta.

Duk minti biyar na'urar take motsa jijiyar, kuma duk sa'ad da ta motsa, haka take shaƙe muryar Sabiru.